Aljihun Maharazu

Allurar ta karye a tsakiyar ɗinkin. Tsininta ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur, farin keken ɗinkin ya yi gurnani ya tsaya, zare kuma ya cukurkuɗe a bayan ƙyallen.

"Alhaja, laifin ƙyallenki ne, ba na kekena ba," in ji Baba Kamal mai shagon. Ya ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, ya zaro ƙyallen da ƙyar, ya juya shi gaba da baya. "Shadda ninki biyu, ga aikin zare a kai, ga auduga a tsakiya, ga wani yadin a ƙasa. Katifa za ki ɗinka?"

"Bargo," in ji Saudat.

"Bargo a Ibadan?"

Ta miƙa hannu ya ba ta abinta.

Da Yarabanci suke maganar, don Saudat haihuwar Sabo ce, unguwar Hausawan Ibadan, bakinta bai san bambancin harsunan biyu ba. Tun hantsi take zagaya kasuwar Ogunpa, daga wannan shagon kekunan ɗinki zuwa wancan. Duk inda ta shiga sai ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ƙyallen nan da kaɗan ya ɗara tafin hannu, ta ce a gwada mata a kansa. Kowane keke ya bar sawunsa. Ga layin farin zare, ga na baƙi, ga wani ja, wani ya kai ƙarshe a karkace, wani ya mutu a rabin hanya. Wasu masu shagon sun yi mata dariya, wata mata ma cewa ta yi in ba saye za ta yi ba ta daina ƙarar mata da allurai.

Ƙyallen aljihu ne, aljihun ƙirji na shuɗiyar shaddar mijinta Maharazu, wadda yake zuwa masallacin Juma'a da ita. Yau bayan sallar asuba ta sa almakashi ta yanko shi har da yadin da ke bayansa, don nan ne wuri mafi kauri a duk kayansa. Ta ce a ranta keken da ya ci wannan zai ci sauran. Yankan bai ma miƙe ba. Ta mayar da rigar ta ninke, yankan yana daga ciki, don kada idonta ya sake faɗawa kai.

Jiya ta fita takaba. Watanni tana ɗaki, sai ga ta yau a tsakiyar kasuwa, ko ɗan okada ya danna hon sai ta zabura.

Maharazu mutumin Kura ne, ta can Kano. Ya zo Ibadan yana saurayi a saman buhunan albasa, ya kafa rumfa a kasuwar Bodija, ya auri 'yar Sabo, ya shekara ashirin da ɗoriya bai yarda ya sayi bargo ba. Cewarsa sanyin kurmi wasan yara ne, kuma ranar da 'yan garinsu suka ji ya sayi bargo a Ibadan ba zai ƙara iya ɗaga kai a Kura ba. Amma fa duk damina shi ne farkon mai karkarwa. Ruwa na fara dukan kwanon ɗaki sai ya miƙa hannu ya zaro riga daga ƙusa, babbar riga ce ko doguwa, duk wadda ta zo, ya baza ta a kansu su biyu. Ita ta ce rowa ce, shi ya ce dabara ce. Haka ta saba barci cikin ƙamshin turarensa da ɗan warin albasar da sabulu bai taɓa iya fitarwa ba.

Ranar da ya faɗi a tsakanin buhuna a Bodija, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka rabon gado bai ɗauki lokaci ba. Aka ba ta rabonta, saura ya bi mota zuwa Kura. Da aka zo kan kayan sawarsa, yayansa Babandi ya ce, "Waɗannan a bar su a hannunki, Saudatu. In kin fita takaba zan dawo mu yi masa sadaka da su, ladan ya iske shi."

Ta ce to. Me za ta ce? Ga liman zaune, ga dattawan unguwa. Matar da ko sunan mijinta ba ta taɓa kira a gaban mutane ba, ita ce za ta buɗe baki ta ce a bar mata rigunansa, ba ta iya barci sai a ƙarƙashinsu? Ta sunkuyar da kai ta ce to. Amma duk tsawon takabar nan, da zarar maƙwabciyarta Zinariya ta yi mata sai da safe, sai ta jawo riga ɗaya ta lulluɓa.

A cikin wannan zaman ne dabarar ta zo mata. Tana yarinya ta sha ganin mahaifiyarta na haɗa tsofaffin zannuwa ta yi wa jarirai shimfiɗa. Rigar namiji a kan gadon bazawara abin magana ne, amma bargon ƙyallaye bargo ne kawai, ba mai tambayar asalinsa. Ta gwada da allurar hannu a bakin wani wando, shadda ta ƙi, yatsunta suka kumbura. Ta kai wa tela kuwa, wane tela? Telolin Sabo su suka ɗinka rigunan nan, sun san su kamar 'ya'yansu, kafin la'asar labari ya kai har unguwar Mokola. Shi ya sa ma ta tsallake masu sayar da keke na kusa ta zo har Ogunpa, inda ba wanda ya san ta.

Babandi ya aiko cewa ranar Lahadi zai iso. Yau Juma'a. In ta samu keke yau, kafin Lahadi ta yayyanka rigunan, kuma ba wanda zai yi sadaka da ƙyallaye. Zai yi faɗa, za ta ba shi haƙuri, in hali ya yi wata rana ta sayi sabon yadi ta bayar a madadi. Ta san ba daidai ba ne, ta kuma roƙi Allah gafara tun kafin ta aikata. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato ta sa almakashi a kayan nan gaba ɗaya alhali ba ta tabbatar akwai abin da zai sake haɗa su ba. Don haka ta shanya su suka sha iska, ta goge, ta ninke, ta jera a babbar jaka, ta ɗora jakar a kan kujera kusa da ƙofa saboda danshin da ke tasowa ta ƙarƙashin gado.

"To, in gaya miki gaskiya," in ji Baba Kamal, yana shafa kan farin keken, "wannan na 'yan gayu ne. Ya iya ado, ya iya ramin maɓalli, ga arha. Amma cikinsa roba ne. In kika riƙa ɗora masa irin wannan kayan, ba zai ga Sallah ba. Kuma sai an kawo wuta."

"Wuta a wajenmu baƙuwa ce," ta ce.

Ya ja ta zuwa wani ƙaton keke mai faffaɗan tebur, irin na masu ɗinka kujeru da jakunkuna. Ya kunna janareto, ya sa aljihun, ya taka. Kafin ta ƙifta ido allurar ta ratsa daga wannan gefen zuwa wancan. Ta tambayi kuɗinsa. Da ya faɗa sai ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwar, kuma ba mai daɗi ba ce. Abin da ke cikin jakarta ragowar rabonta ne bayan ta ware na haya, ko kusa da rabin wannan bai kai ba.

"Babu wani, Baba?"

Ya sosa gemu. "Akwai wani tsoho a ciki. Tokunbo ne, kwancen ƙasar waje, ya ga duniya."

A can ƙuryar shagon yake, bayan kwalaye. Baƙin keke ne na ƙafa, zanen ruwan gwal da ke jikinsa ya koɗe, teburin ya tsage a kusurwa ɗaya. Baba Kamal ya jawo shi haske, ya goge shi da tsumma, ya ɗiɗɗiga masa mai, ya ɗaura bel, ya sa masa allura mai kauri.

"Duba nan." Ya zura hannunsa a filin da ke tsakanin allura da gangar jikin keken. "Mai son ɗinka bargo nan zai fara dubawa, ba ado ba. In bargon ya girma, naɗe shi za ki yi ki tura ta nan. In wurin ya matse, kin shiga uku." Ya naɗe wani buhu ya tura, buhun ya wuce ba gardama. "Cikinsa duk ƙarfe ne, ba ruwansa da wuta. Aibinsa ɗaya, ba ya sauri. Telan da ke neman abinci ba zai saye shi ba, shi ya sa ya tsufa a nan."

"Ba inda za ni," in ji Saudat.

Ta zauna. Rabonta da taka feda tun tana budurwa, lokacin da ta ɗan koyi ɗinki a wajen wata mata a Mokola, amma ƙafa ba ta manta ba. Ta sa aljihun, ta sauke ƙarfen, ta juya da hannu, ta taka. Keken ya fara tafiya, ƙas, ƙas, ƙas, ba gaggawa. Da ya iso kan aikin zaren, inda sauran suka sha kunya, sai ya ɗan yi nauyi. Ta taimaka masa da hannu, allurar ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, har ta sauka a ɗaya gefen. Ta juya ƙyallen ta duba bayansa. Layin ya miƙe sambal, zare bai taru ba ko a wuri ɗaya.

Ba ta san hawaye ya zubo ba sai da ya ɗiga a kan teburin.

Baba Kamal ya karɓi ƙyallen ya sake dubawa, wannan karon a hankali. A bakinsa akwai tabon goro da wanki bai fitar ba.

"Wannan ai aljihun riga ne," ya ce. "Mai shi fa?"

"Ya rasu."

"E pele, Alhaja." Bayan ya yi mata sannu da Yarabanci sai ya haɗa 'yar Hausar da yake da ita ya ce, "Allah ya jiƙan shi."

Cinikin bai yi tsawo ba. Ya sauko, ta hau, suka tsaya a inda kowa ya san ɗan'uwansa ba zai ƙara motsi ba. Sai da ta haɗa da abin da ta ware na audugar ciki kafin ya cika. Ba ta damu ba, tsofaffin zannuwanta za su yi ciko. Yadin da zai rufe bayan bargon kuwa ta riga ta tanada. Jiya da aka tattara kayan takabarta za a ba wata tsohuwa kamar yadda aka saba, ta ɓoye zane ɗaya, baƙi-baƙi marar ado. Daga jikinsa ma ta yanko yadin da ke ƙasan aljihun nan. Baba Kamal ya ƙara mata allurai da 'yar kwalbar mai kyauta, ya tare mata marwa mai ƙafa uku, aka ɗaure keken a baya, shi kuma ya rufe shago ya tafi masallaci.

A hanya ta riƙe ƙafar keken da hannu ɗaya saboda ramuka. Tana ta tsara bargon a kanta. Shuɗiyar shaddar a tsakiya, ruwan toka a kewaye, farar nan ta Sallar bara a kusurwoyi, babbar rigar da aka yi wa aikin hannu kuma sai ta yi tunani, don tana jin tausayin aikin. Tun rasuwar yau ce rana ta farko da ta ji tana ɗokin isa gida. Cunkoso ya riƙe su a Dugbe, ya sake riƙe su a Mokola, kuma da suka juyo titin Sabo an idar da sallah, mutane sun cika hanya suna watsewa.

A cikin taron ne ta hangi wani mutum da doguwar riga ruwan toka, wuyanta da baƙin zare. Irin ta Maharazu sak. Ta kau da kai, ta ce da kanta ai an gaya mata haka za ta riƙa gani, matar da ta rasa miji kowace ƙeya ta miji ce. Ba a yi nisa ba sai ga wani mai yankan farce zaune a bakin kwata da hula zanna mai ruwan ganye, irin wadda gefenta ɗaya ya ɗan lotse don mai ita da hannun hagu yake cire ta. Sai kuma wani makaho, ɗan jagoransa na gyara masa farar riga a kafaɗa. Farar nan ta Sallar bara.

Wannan karon Saudat ba ta kau da kai ba.

Marwa ba ta shiga lungunsu. Direban ya tsaya a baki, ya kwance igiya, ya ɗaga murya yana kiran ɗan dako. Wani magidanci mai furfura jefi-jefi a gemu ya tsallako titi da sauri yana gyara gammonsa. Shuɗiyar shadda ce a jikinsa, layin guga bai ma kwanta ba. A ƙirjin hagu akwai rami mai kusurwa huɗu, yankansa a karkace, ana hango tsohuwar singileti ta ciki.

"Ina za a kai, Hajiya?"

Ta nuna masa lungun da hannu.

Ya durƙusa, direban ya taya shi, keken ya hau kansa. Ya shiga gaba, ta bi shi a baya. Kafaɗun rigar sun yi masa yawa, tsawonta kuma daidai. Haka ta riƙa bin rigar mijinta, tana kallon yadda take kaɗawa a tsakanin kwatoci da kwandunan masu tuyar ƙosai, har ƙofar gidan da rigar ta saba shiga duk Juma'a warhaka. Sau ɗaya ta yi tuntuɓe, ba wanda ya lura.

Babandi na zaune a kan benci a tsakar gida, ya cire hula yana shan ruwa, Zinariya na tsaye a gefe da tulu. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Saudatu, sannu da dawowa. Mota na samu ta albasa da za ta taso, na ce me zan jira Lahadi ga Juma'a babbar rana. Da safen nan muka sauka a tashar Ojoo. Na kira wayarki ba ta shiga."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Kura ɗaya bayan ɗaya. Bakinta ne ke yi, ita ba ta wurin. Ta ƙofar ɗakinta da ke buɗe tana ganin kujerar, ba komai a kai.

"Zinariya ce ta buɗe min," ya ci gaba. "Ina shiga na tarar kin haɗa komai, kin goge, kin ninke, kin ajiye a bakin ƙofa. Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce wannan baiwar Allah ta riƙe amana, a raye da a mace. Ban ko zauna ba na ɗauka sai masallaci. Ki zo ki ga yadda bayin Allah suka yi ta addu'a. Ko hula ɗaya ba ta rage ba."

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," in ji Saudat. "Allah ya kai ladan."

"Amin, amin." Ya dubi keken da ɗan dakon ke saukewa a ƙofar ɗaki. "Wannan kuma naki ne? Madalla. Sana'a za ki kama, haka ake so. Zama ba ya yi wa mai rai." Sai idonsa ya sauka kan rigar. Ya tashi tsaye, ya matso, ya kama bakin ramin da yatsu biyu. "Kai, bawan Allah, ba kai na ba wannan ɗazu ba? Haka take? Subhanallahi, a ninke na miƙa maka, ban buɗe ba. Ɓera ne ya yi mana wannan aikin?"

"Ba komai, Alhaji," in ji mutumin, yana dariya. "Iska ma ta samu hanya. Ni Isiyaku tun da na zo garin nan ban taɓa mallakar rigar Juma'a ba, sai yau. Ana ba ni na zura ta a nan bakin masallaci. Allah ya jiƙan mai ita."

"Amma sadaka da abu mai aibi," in ji Babandi, ransa bai so ba.

Zinariya ta ajiye tulu. Ta dubi ramin, ta dubi keken, ta dubi ƙullin da ke bakin mayafin Saudat, sannan ta ɗauki tulunta ta koma wajen murhu.

Saudat ta yi tunanin ta ja mutumin gefe ta ce ya sayar mata. Da me? Jakarta ba komai sai kuɗin dakonsa. Ko da akwai ma, sadakar da ta fita ba ta dawowa, ladan ya riga ya kama hanya zuwa ga mai shi, ita ce za ta tare shi? Ga kuma Babandi tsaye, ga mutumin yana shafa hannun rigar yana murmushi. Baƙin ciki ya rufe ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da makara, don ran nan ana riƙe da ita, yau kuwa kowa murna yake yi.

"Malam Isiyaku," ta ce, "kawo in toshe maka. Ga keke."

"Kada in wahalar da ke, Hajiya."

"Ba wahala. Dama ina son in gwada shi."

"Yauwa," in ji Babandi. "Ka ga an fara sana'a da aikin lada."

Isiyaku ya juya baya ya cire rigar, ya yafa gammonsa a kafaɗa, ya miƙo mata da hannu biyu. Ya taya ta tura keken cikin ɗaki kusa da taga, ya fita ya zauna a benci wajen Babandi. Ta saki labule.

Rigar da ɗumi, ɗumin wani ne. Ta kai wuyanta hanci. Turaren na nan, ɗan warin albasar na nan, sai dai gumin baƙo ya fara hawa kansu. Zuwa Juma'a mai zuwa ba abin da zai rage. Ta zauna a bakin gado da rigar a cinya, ta yi kuka marar sauti, bakinta a cikin mayafi.

Da ta lafa ta kwance ƙullin ta fito da aljihun. Ta ɗora shi a kan ramin, ya zauna daidai, karkataccen yanka a kan karkataccen yanka. Ta daɗe tana kallonsa da layukan zarensa kala-kala, da na ƙarshen nan da ya miƙe. Sannan ta ɗauke shi ta tura ƙarƙashin matashin kai.

Ta jawo zanen takabar daga inda ta ɓoye shi, ta yanko abin da zai rufe ramin har da rara, ta lanƙwashe bakinsa, ta shimfiɗa ta ciki. Kalar ba ta zo ɗaya ba, amma ba ta yi faɗa da shuɗin ba. Ta zura zare, ta naɗe sauran rigar ta tura ta filin nan da Baba Kamal ya nuna mata, ta wuce ba gardama. Ta taka.

Ƙas, ƙas, ƙas. A waje hadari ya fara haɗuwa ta wajen Bodija, iska mai sanyi na ɗaga labule. Babandi na ba Isiyaku labarin ƙaninsa, yadda bai taɓa cutar kowa a awo ba, yadda yake cika baki wai sanyin kurmi ba ya kama shi, suka yi dariya. Ita kuma tafin hannunta na kan shaddar, tana bin ta a hankali, gefe ɗaya, ta juya, gefe na biyu. Mai shagon ya yi gaskiya, keken ba ya sauri. Duk da haka gefe huɗu ne kawai, kuma suka ƙare.

Ta yanke zare ta ɗaga rigar wajen haske. Ɗinkin ya miƙe ta ko'ina, ya kwanta lumui, ko telan da ya ɗinka ta ba zai ce komai ba.

"Hajiya," in ji Isiyaku daga waje, cikin ladabi, "in an gama, ina so in koma bakin titi kafin ruwan nan ya sauko. Ba sai ya yi kyau sosai ba."

Saudat ta mayar da rigar kan cinyarta. Ta laluba cikin kayan da Baba Kamal ya ƙulle mata, ba ta samu abin da take nema ba, ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko reza.

"Ka ɗan ƙara haƙuri, Malam," ta ce. "Ya karkace."

Ta sa bakin rezar ƙarƙashin zaren farko, ta fara warwarewa.